Ranar da Uwarku Ta Hana Wuta

Kun daɗe kuna jin ana cewa uwarku ta kori yayanta daga gidan nan saboda cajin salula. A Bune, garinsu uwarku, har gobe haka ake faɗa, wasu ma sukan ƙara gishiri su ce ni na zuga ta, tunda ni baƙo ne, mutumin Tasawa da aikin lakkol, wato koyarwa a makarantar boko, ya jefo Gure, ai dole rowar daga wajena ta fito. Na daɗe ina haɗiye wannan magana. Tana raye ita ce ta hana ni tankawa, bayan rasuwarta kuma na ga buɗe baki fama miki ne. To yanzu gani ya ragu, gwiwoyi sun fara yi mini gardama, kuma na lura ko a cikinku akwai mai sunkuyar da kai in an ɗauko zancen, sai ka ce uwarsa ta yi abin kunya. Wannan sunkuyar da kai ita ce ba zan iya tafiya kabari na bar ku da ita ba. Zan faɗa muku abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji, ku kuma ku yi mata shari'a da adalci.

Da na ajiye alli na huta da aikin gwamnati, ɗakin da ke jikin zaure na mayar ɗan shagon buga takardu. Ordinata guda ce, wato kwamfuta, da na'urar bugawa, sai benci na masu jira. Sana'ar ba ta da laifi, abin da ke da laifi shi ne kuran ɗin Gure, wato wutar lantarki, musamman in bazara ta kama. Yakan zo ba sallama ya tafi ba ban kwana, wani lokaci ya dawo da ƙarfin da ya fi na hankali. Ordinatata ta farko haka ta ƙone ina ji ina gani. Da na yi ta biyu sai na je Damagaram na sayo mata ondilar. Baƙin akwati ne, girmansa kamar bulo amma ya fi bulo nauyi, da batir a cikinsa. Wuta sai ta bi ta cikinsa kafin ta isa ordinata, in an ɗauke shi kuma ya riƙe na ɗan lokaci, gwargwadon a dafa shayin farko, yana wani ɗan kuka, ƙit, ƙit, yana gaya maka ka adana aikinka ka kashe na'ura cikin mutunci. Wanda ya sayar mini ya ja mini kunne. Ya ce wannan ba injin wuta ba ne, muddin yana kunne cin kansa yake yi ko da ɗan ƙaramin abu aka jona masa, in ya ƙare kuma kafin ya sake cika sai ya yini yana shan kuran. Na ce na ji, na kinkimo abina na shiga mota.

Ji kam na ji, amma ban yi lissafin maƙwabta ba. Ba a yi nisa ba unguwa ta gane cewa a gidan Mushe, kamar yadda ake kiran mu malaman lakkol, akwai akwatin da ke da wuta ko an ɗauke. Ku da kuka zo daga baya ba ku tarar da zamanin da mace kan fito da ɗan kasko ta shiga gidan maƙwabciya ɗibar garwashi ba. A wancan zamani ba a taɓa jin an hana ba, ko da jiya kun yi zage-zage. Wuta da ruwa ba a hana su, haka muka taso. Mutane kuwa ba su ga wani bambanci tsakanin garwashi da abin da ke cikin akwatina ba, wuta dai sunanta wuta. Da an ɗauke sai ka ga ana ta sallama, kowa da 'yar salularsa a hannu. Kuma ku sani, wadda ake kira marowaciya a yau ita ce mai karɓa tana jonawa, har ta haɗa wa mai jira da ruwan randa. In na yi mita ta ce, ai kai ma ranar da aka kawo ka garin nan ba da wutarka ka zo ba.

A wannan shekarar aka kawo kakarku daga Bune, ciwo ya ci ƙarfinta, don ta kasance kusa da likita. Matan gidansu suna da wata al'ada da ban taɓa gani a wani wuri ba. Labarin asalinsu, sunayen iyaye mata tun daga nesa, rijiyoyin da suka sha, kwarurukan da aka binne kowace, da waƙar da suke rarrashin jariri da ita, duk ba a faɗar su a zaman hira. Uwa takan faɗa wa 'yarta ne kawai lokacin da 'yar ke yi mata kitso, kanta a kan cinyar 'yar. Haka kakarku ta karɓa daga tata uwar. Uwarku kuwa tun tana ƙarama aka kawo ta lakkol a gari, daga nan sai aure, ba ta samu wannan zama ba. Ku mata a lokacin kuna karatu a Damagaram da Yamai, Mangancinku ma, yaren kakarku ke nan, na cin kasuwa ne. Shi ne uwarku ta ce mini tana son a ɗauki muryar tsohuwa kafin ta tafi da abin. Rediyonmu mai kaset ya daɗe da mutuwa, salulolin wancan lokaci kuwa kira da tocila kawai suka iya. Ordinata ce kaɗai dabara. Sai dai ni suruki ne, ba zan zauna inda surukata ta buɗe kai ba, ko inuwata ba za ta gifta wurin ba. Muka samo doguwar waya, mikiro mai ɗaukar murya yana gefen tabarmarsu a rumfa, wayar ta bi ta taga ta shigo shago, ni ina ciki da abin ji a kunne.

Kitson farko an fara shi da hantsi, jim kaɗan da dawowar kuran. Tsohuwa ta yi ta zuba, muryarta siririya amma ba ta tuntuɓe ko a suna ɗaya. Ana gab da azahar aka ɗauke. Akwati ya yi ƙit sau ɗaya, sai allon ordinata ya yi baƙi. Jiya da yamma salulolin unguwa sun shanye shi, bai samu ya cika ba. Irin wannan ɗauka kuwa in ba ka tsayar ka adana ba, to babu abin da ya rage, ko kalma guda. Na kira uwarku bakin taga na gaya mata. Ta koma ta durƙusa ta faɗa wa tsohuwa. Da Manganci suke magana, ni ina mayar muku da Hausa ne gwargwadon abin da na tsinta a shekarun zamana da su.

"Ni dai na faɗa," in ji kakarku. "In akwatinku bai riƙe ba, ke ina kunnenki?"

"Na riƙe wasu, Ya. Sunayen ne suka cakuɗe mini."

"To sai wannan kitson ya tsufa, in ina nan."

Wannan "in ina nan" ita ta hana uwarku sakat. Zaman kitson ya jawo wa tsohuwa zazzaɓi da ciwon kai na kwanaki, likita kuma ya ja ni gefe ya ce a yi ta addu'a kawai. Duk mun san in an ƙara samun zama ɗaya, to shi ne na ƙarshe. Uwarku ta ɗauko wani tsohon zane ta lulluɓe ondilar, ta bi maƙwabta gida gida ta ba su haƙuri, ta ce daga yau wutar akwatin nan ta Ya ce. Wasu suka fahimta, wasu suka taɓe baki, aka dai zauna lafiya.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, zafi kamar a gasa mutum. Da safe kakarku da kanta ta ce a tsefe mata kai. Babu kuran tun asuba, amma akwati cike yake. Uwarku ta tsefe ta wanke, ta shafa mai, aka zauna jiran wuta. Ana cikin haka sai ga sallamar kawunku Kiyari da wasu dattawa biyu abokan tafiyarsa. Ya kawo raƙuma kasuwa, ya biyo da man shanu da cuku da dabino kamar yadda ya saba. Ina so ku san wane ne shi a wurinta kafin ku ji sauran. Ubansu ya rasu tana goye, shi ya riƙe gidan. Shi ya ɗora ta a raƙumi ya kawo ta lakkol lokacin da dangi ke cewa ya haukace, shi kuma ya ba ni aurenta alhali ba wanda ya san asalina. Ba ya kiranta da sunanta, Gaji yake ce mata, wato auta. Ya shiga ya gaida mahaifiyarsa, ya fito zaure, uwarku ta kawo musu ruwa ta durƙusa. Sai ya zaro 'yar jakar fata da salulolinsu a ciki ya miƙa mata, kamar yadda ya sha yi a baya.

"Gaji, a sa wa waɗannan wuta. Mai sayen raƙuman yana jiran kirana."

Ba ta miƙa hannu ba.

"Yaya, yau kam ka yi mini haƙuri. Wutar da ke cikin akwatin ta Ya ce."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ya ce yaushe Ya ta yi salula ba a gaya masa ba? Ta yi masa bayanin kitson farko da abin da aka rasa, kanta a ƙasa. Ya saurara, ya ce to a sa tasa ita kaɗai, ai ba ta fi cokali ba. Ta ce ko ɗaya ce sai an kunna akwatin, in an kunna kuma cin kansa yake yi. Na sa baki na ce a ba ni su in ruga kasuwa wajen mai inji, yanzun nan in dawo. Bai ko dubi inda nake ba.

"Mushe, ba da kai nake ba."

Ɗaya daga cikin dattawan, mutum mai hankali, ya ga inda zancen ya dosa, sai ya buɗe mata ƙofar fita. Ya ce wataƙila dai akwatin ne ba shi da lafiya, irin kayan nan ba su da tabbas. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san abin da ake yi a irin wannan wuri. Cewa ake yi e, ya ɗan samu matsala, kowa ya san ba haka ba ne, kowa ya yi kamar ya yarda, a rabu da mutunci. Ni kaina kalmar tana kan harshena. Amma uwarku ba ta taɓa yi wa yayanta ƙarya ba, kuma a ganinta yi masa ƙarya ya fi hana shi zama raini.

"Lafiyarsa ƙalau, Baba. Cike ma yake."

Kawunku ya mayar da jakar cikin rigarsa a hankali.

"A rijiyar ubanmu," in ji shi, "ko wanda ya sace mana raƙumi in ya zo da ƙishi sai ya sha kafin a yi maganar sata. Ni yau na zo gidan ƙanwata ɗibar wuta, a gaban mutane, an ce mini babu."

"Ban ce babu ba, Yaya. Akwai. Hanawa na yi, kuma na faɗa maka dalili."

Ya miƙe ya gyara rawaninsa. Abinci yana kan wuta, ta roƙe shi ya tsaya ya ci. A bakin ƙofa ya juyo, bai ɗaga murya ba, ya ce ƙafarsa ba za ta ƙara tsallake dokin ƙofar nan ba muddin tana cikin gidan. Kada ku ɗauka mugun mutum ne. Ranar ya rasa mai sayen, ya kora raƙumansa ya koma da su cikin wannan rana, labarin kuma ya riga shi isa Bune a bakin abokan tafiyarsa. Mutumin da duk faɗin yankin ake kawo wa ƙara ya raba, sai ga shi ana nuna shi ana cewa autarsu ta hana shi wuta. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ni shaida ne.

Kuran ya dawo bayan azahar. Uwarku ta wanke fuska, ta zauna ta ɗora kan uwarta a cinya, ni kuma na koma shago na sa abin ji a kunne. Tsohuwa ta fara tun daga farko, a hankali fiye da wancan karon, tana tsayawa tana maida numfashi. Ta bi sunaye, ta bi rijiyoyi, ta yi waƙar rarrashi da ɗan abin da ya rage mata na murya. La'asar ta kusa aka ɗauke. Wannan karon allon bai mutu ba, akwati ya fara kukansa. Na leƙa taga na yi wa uwarku alama a taƙaita. Ta girgiza kai, don tsohuwa ba ta kai ƙarshe ba, kuma ba a katse ta. Na zauna yatsana a kan maɓalli, gumi na bin bayana, ina jin kukan yana ƙara matsowa kusa da juna, alamar batir ya kusa ƙarewa. Kakarku ta gama sunaye, ta sa wa 'ya'yanta albarka ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta yi wata tambaya. Zan faɗa muku ita nan gaba. Da suka gama wannan 'yar magana na tsayar, na adana, na kashe ordinata. Ba a jima ba akwatin ma ya yi shiru. Da an ɗiba daga cikinsa da safe, ko kaɗan ne, da bai kai mu ba.

Kakarku ba ta ga damina ba. Kawunku ya zo jana'iza, ya tsaya a waje aka yi salla, ya karɓi gaisuwa a gidan wani ɗan'uwansu, ya koma. Daga nan aka shiga shekarun da kuka sani. Uwarku ta yi ta zuwa Bune, duk salla, duk suna, duk rasuwa. In ta je sai ya sa a yanka mata rago, a shimfiɗa mata sabuwar tabarma, shi kuma ya ɗauki sanda ya bi garke sai ta tafi. Da saluloli masu ɗaukar murya suka zo, ta sa na zuba muryar tsohuwa a ɗan kati ta aika masa, aka dawo mata da shi a ƙulle yadda ta ƙulle. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma waɗannan biyun kai ɗaya aka ba su, ba mai lanƙwasuwa. Na sha ganinta tana tankaɗe ko tana ninke kaya, sai ta tsaya cak in ta ji sallamar namiji da Manganci a zaure, sannan ta ci gaba da aikinta in ta gane ba shi ba ne. Sau ɗaya na tambaye ta ko ta yi nadama.

"Da za a dawo da ranar, haka zan yi," in ji ta. "Sai dai da na ja shi gefe tukuna, ba a gaban mutane ba. Wannan kam har in mutu yana cina."

Har ta mutu kuwa bai daina cinta ba. Na yi baƙin cikin rasuwarta, na kuma yi baƙin cikin ta tafi ba ta ji ya kira ta Gaji ba, kuma wannan na biyun ya fi daɗewa a ƙirjina.

Ranar sadakar uku, da hantsi, mutane sun fara watsewa, sai na ga tsoho da sanda tsaye a ƙofar zaure. Ya rame, gemu ya yi fari fat. Ya daɗe yana kallon dokin ƙofa, sannan ya ɗaga ƙafa ya tsallake. Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyya. Kawunku ya zauna, ya dube ni.

"Mushe, abin nan yana nan?"

Na kai shi shago. Yanzu fanon sola mai tara wutar rana ne a kan rufinmu, wuta ba ta yanke mana, tsohon ondilar yana kan kanta da zanen nan a kansa, na kasa yar da shi. Na kunna masa ɗaukar ranar nan a ordinata. Da muryar mahaifiyarsa ta fito ya dafa sandarsa da hannu biyu. Ya saurari sunaye, da aka zo kan rijiyoyi na ga leɓensa yana motsi yana bin ta. Can sai ƙit, ƙit ya fara shiga cikin maganar, don mikiro ya jiyo shi ta taga.

"Mene ne wannan mai kuka?"

"Wutar da ta hana ka ce, Yaya. Daga nan zuwa ƙarshe da ita aka ɗauka. Da ta mutu a nan, da duk abin da ka ji tun farko ya tafi."

Tsohuwa ta sa albarka, sunansa ne na farko. Sai tambayar da na ce zan faɗa muku.

"Gaji, Kiyari ya ci abinci kafin ya tafi?"

"Bai ci ba, Ya. Na ɓata masa rai."

"Kada ki bar shi ya tafi da yunwa daga gidanki. Shi ya goye ki."

"Zan bi shi, Ya. Ko sau nawa ne zan bi shi, har ya ci."

A nan ɗaukar ta ƙare. Shekara da shekaru yana gudun wannan murya ta ƙanwarsa, ga shi ya zo ya same ta a inda ba zai iya amsa mata ba. Ya ja bakin rawani ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa suna rawa. Na kau da kai, don ba a kallon babba yana kuka. Ya ce in mayar masa da wannan wurin na ƙarshe, na mayar. Da ya ƙare ya share fuska, ya dube ni.

"Mushe, akwai abinci a gidan nan?"

Ke Hadiza, ke kika kawo kwanon. Tuwon sadakar uwarki ne, ya ma huce. Daga baya kin tambaye ni me ya sa tsohon nan yake ci yana hawaye, kuma me ya sa ya ƙi tashi sai da ya suɗe kwanon tas, na ce miki tsufa ne. Ba tsufa ba ne.